Darasi na 7: Da'irar Lantarki a Kan Tebur

Yaro zai iya gama sakandare da dokar Ohm a kansa, ko daga barci aka tashe shi ya rubuta V = IR, amma a miƙa masa batir ɗaya da ƙwan tocila ɗaya da guntun waya ɗaya a ce ya kunna ƙwan, sai ka ga yana ta jujjuya su a hannu. Laifin ba nasa ba ne. A allo aka koya masa lantarki, da alli, bai taɓa jin ɗumin waya a yatsansa ba. Ku kuwa da kuka dawo karatu da girmanku, da yawanku hannunku ya riga ya saba: wani ya canza batirin babur, wata ta ɗaure wayar dutsen guga da salatif, wani ya tsaya a kan mai haɗa masa sola. Awo da lissafi ne suka rage muku. Ƙa'idar darasin nan ɗaya ce daga farko har ƙarshe: kafin a rufe makunni, kowa ya rubuta abin da yake tsammanin zai faru, bayan an rufe, a rubuta abin da mita ta nuna, ko da ya saɓa wa tsammanin kowa, har da na malam.

Kayan aiki da sharaɗin shiga

Ba sai an sami ɗakin gwaji mai famfo da gas ba, teburin aji ya isa. Kowane rukuni na mutum uku ko huɗu ya tanadi batura huɗu na rediyo masu bolt 1.5, ƙananan ƙwayayen tocila uku iri ɗaya masu zare a ciki (galibi za ku ga an rubuta 2.5V 0.3A a gindinsu), guntayen wayar jan ƙarfe da aka feƙe bakinsu, rizista mai om 220, fensir, da mita irin ta masu gyaran rediyo, wadda ke auna bolt da amfiya da om. Makunni kuwa ƙusa biyu a jikin katako da kilif na takarda mai juyawa a tsakaninsu sun wadatar. Ƙwan tocila mai zare ya fara wuya tun da fitilun LED suka cika kasuwa, amma a daure a nemo shi a tsofaffin tocila ko wurin masu sayar da kayan gwajin makarantu. LED ba ta maye gurbinsa a gwajin farko: ta gefe ɗaya kawai wuta ke ratsa ta, kuma ko ja, wadda ba ta da tsadar bukata, tana neman kusan bolt 2 kafin ta haska, abin da batir ɗaya ba zai ba ta ba.

Sharaɗin shi ne babu abin da za a jona da soket ɗin bango. Wutar gida bolt 230 ce ko kusa da haka. Jikin mutum idan fata ta jiƙe turjiyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000, wato abin da zai ratsa shi ya kai miliamfiya 230, alhali na'urorin kare rai da ake sa wa gidaje an yi su ne su yanke wuta tun a miliamfiya 30. Batirin mota ma a bar shi a mota. Bolt 12 ɗinsa ba ya jan mutum, amma idan sifana ko zobe ya haɗa kawunansa biyu, yana iya turo ɗaruruwan amfiya ƙarfen ya yi ja a hannu. Batirin wayar salula kuma ba a huda shi, ba a haɗa bakunansa.

Batir ɗaya, ƙwai ɗaya, waya ɗaya

A fara da wannan, kuma malam ya riƙe bakinsa na ɗan lokaci. Yawancin masu farawa suna ɗora waya daga kan batir zuwa gindin ƙwai, su jira haske. Ba zai zo ba. Wasu su haɗa kan batir da gindinsa da wayar, su manna ƙwan a gefe. Nan take wayar ta ɗau zafi su sake ta. Wannan zafin darasi ne: an ba wa wuta hanyar da babu abin da ke tare ta, abin da masu gyara ke kira shot, kuma haka ake kashe batir cikin 'yan mintuna.

Sai a ɗaga ƙwan sama a duba cikin gilashin da kyau. Akwai sanduna biyu sirara riƙe da zare mai murɗi. Ɗaya ta gangara zuwa ɗigon dalmar da ke can ƙarshen gindi, ɗayar ta tafi jikin ƙarfen da ke zagaye da gindin, kuma tsakanin wuraren biyu akwai baƙin abu mai hana su haɗuwa. Ƙwai dai ƙofa biyu gare shi. Da zarar an gane haka, sai a ɗora ɗigon a kan batir, a kawo waya daga gindin batir zuwa jikin ƙarfen, haske ya fito. Hanyoyi huɗu ne ke yin aiki da waɗannan kaya uku. Kowane rukuni ya nemo su duka, ya zana su. Abin da ya haɗa su shi ne hanya ta fita daga wannan kai na batir, ta ratsa zaren, ta koma wancan kai ba tare da yankewa ba. Ita ce da'ira.

Daga nan a bar giɓi a cikin da'irar a riƙa cike shi da abin da ke aljihu: makulli, cokali, roba, tsinken ashana, takardar azurfa ta kwalin sigari ko ta alewa. Abin da ya kunna ƙwai yana wuce da wuta, wanda bai kunna ba yana tare ta. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Shin ƙwai yana shanye wuta?

A nan ne gardama take, kuma a nan ya kamata a daɗe. Malam ya tambaya: idan muka auna kwararar lantarki kafin ta shiga ƙwai, muka sake aunawa bayan ta fito, wanne zai fi yawa? Kusan duk aji zai ce na farko. Wani dattijo zai ce, "Malam, ai ƙwan ne ke shan wutar, in ba haka ba me ke cinye batir?" Tambaya ce mai kyau, kada a yi saurin rufe ta. A rubuta hasashen kowa a allo, sannan a auna.

Auna kwarara yana da ladabinsa. Ana cire waya a wuri ɗaya a sa mita a cikin giɓin, domin duk abin da ke gudana ya bi ta cikinta. A juya mita zuwa ma'aunin amfiya mafi girma tukuna, jan tsinke a ramin da aka rubuta 10A, baƙi a ramin COM. Kada a kuskura a ɗora ta kai tsaye a kan batir tana wannan hali, domin a lokacin cikinta kusan waya ce tsura. Wanda ya yi haka ya yi shot, kuma idan jan tsinken yana ramin miliamfiya, fis ɗin cikinta ya tafi. Mitoci da yawa a makarantu haka suka mutu.

Da batura biyu, mita za ta nuna wani abu kusa da amfiya 0.3 kafin ƙwai. A matsar da ita bayan ƙwai: adadin bai canza ba. A kai ta kowane gefe na da'irar, amsa ɗaya ce. Abin ya yi kama da sarƙar keke. Mai tuƙi yana taka feda, sarƙa duka ta motsa a lokaci guda, ƙafar baya ta juya, amma ko ɗiya ɗaya ta sarƙar ba ta ɓace a hanya. Abin da ya tashi daga ƙafar mai tuƙi zuwa taya ƙarfi ne, sarƙar kuwa tana nan tana zagaye. Ƙwayoyin ilaktaron da ke gudana suna cikin wayar tun kafin a kawo batir. Batir tura su yake yi. Abin da ke ƙarewa makamashin sinadaran da ke cikinsa ne, wanda zaren ƙwai ke mayarwa zafi da haske. Amsar dattijon ke nan.

Ƙarfin turin nan shi ake aunawa da bolt, kuma awonsa daban yake: ba a cire komai, ana ɗora tsinke biyu ne a gefe biyu na abin da ake so a auna, jan tsinke ya koma ramin da aka rubuta V. Ɗalibin da ya bambanta waɗannan hanyoyi biyu na riƙe mita ya gama rabin aikin gwajin lantarki na sakandare.

Jere da rassa

A ƙara ƙwai na biyu a bayan na farko, hanya ɗaya ta ratsa su duka. Hasashe tukuna. Za a ga su biyun sun dushe, mita ta nuna kwarara ta ragu, bolt 3 na batura ya rabu kusan 1.5 ga kowanne. A kwance ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Wannan haɗin jere ne.

A sake haɗawa ta yadda kowane ƙwai yake da nasa reshe daga kan batir zuwa gindinsa. Yanzu kowanne yana haske kusan kamar shi kaɗai ne, kuma in an kwance ɗaya, ɗayan bai ma sani ba. Sai dai a auna a bakin batir: kwarara ta kusa ninkawa. A auna kowane reshe a tara, za a tarar jimlar ta yi daidai da ta bakin batir. Gustav Kirchhoff ya tsara wannan a matsayin doka a 1845 yana ɗalibin jami'a: abin da ya shiga mahaɗa shi ke fita, kuma idan aka zagaye da'ira aka tara bolt ɗin da kowane abu ya ci, daidai yake da wanda batir ya bayar.

Wannan ba ilimin jarrabawa kawai ba ne. Wayoyin gidanku haɗin rassa ne, shi ya sa kashe fitilar ɗaki ba ya kashe firji. Shi ya sa kuma kowane abu da aka ƙara a kan soket mai tsawo yana ƙara wa wayarsa kaya. Fis mai amfiya 13 a kan bolt 230 iyakarsa wajen wat 3,000. Butar lantarki mai wat 2,000 ita kaɗai ta ɗauke kusan amfiya 8.7, a ƙara dutsen guga da hita an wuce iyaka. Wanda fis ya ƙone masa ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, bai gyara komai ba, ya dai mayar da ƙonewar daga fis zuwa wayar da ke cikin silin. Masu sola su ma su lura: batura biyu masu bolt 12 da 200Ah, a jere suna ba da bolt 24 da 200Ah, a rassa kuma bolt 12 da 400Ah. Inbata mai neman 24 sai jere.

Dokar Ohm da hannunku

Georg Ohm malamin sakandare ne a birnin Kolon na Jamus, ɗan maƙerin makullai. A ɗakin gwajin makarantarsa ya yi aikin da ya wallafa a 1827. Baturan zamaninsa ba su tsayawa a ƙarfi ɗaya, sai ya koma ga haɗin ƙarafa biyu da ya sa gefe ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara, don ya sami turi tsayayye. Manyan malaman ƙasarsa ba su karɓi aikin da hannu bibbiyu ba a farko. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society ta Landan ta ba shi lambar Copley. Ku naku aikin ya fi sauƙi, batir ɗinku ya fi nasa tsayuwa.

A ɗauki rizista. Za ku ga zobba masu launi a jikinta: ja, ja, ruwan ƙasa, sannan ruwan zinare. Ja 2 ne, ja na biyu 2, ruwan ƙasa na nufin a ƙara sifili ɗaya: om 220. Ruwan zinaren kuma masana'anta ce ke cewa za ta iya kuskure da kashi 5 cikin 100, wato ainihin ƙimarta tana tsakanin 209 da 231. A haɗa ta da batir ɗaya, a auna bolt a gefenta biyu, a auna kwarara. A ƙara batir na biyu a jere, na uku, na huɗu, kowane karo a rubuta adadi biyun a jadawali. Lissafi ya ce da bolt 1.5 a sami miliamfiya 6.8, da 3 a sami 13.6, da 4.5 a sami 20.5, da 6 a sami 27.3. Naku ba zai zo daidai da waɗannan ba, domin sabon batir yakan kai kusan 1.6, rizistar ma an faɗa muku halinta. Kada kowa ya gyara adadinsa don ya yi kama da na littafi. Wannan ɗabi'a ta fi jahilci ɓarna, domin mai yin ta ya koyi ƙaryata idonsa ke nan.

A zana sakamakon a takardar giraf, bolt a tsaye, kwarara a kwance. Ɗigogin za su kusa faɗawa a kan miƙaƙƙen layi mai tasowa daga sifili. A ja layi ɗaya da rula ta tsakiyarsu, ba a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar zanen tsauni ba. A ɗauki wurare biyu masu nisa da juna a kan layin, a raba bambancin bolt da bambancin amfiya (a tuna miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya), abin da ya fito shi ne turjiya. In ya faɗo tsakanin 209 da 231, kun tabbatar da dokar da kanku.

Sai a gwada ƙwai da batir ɗaya, sannan biyu, a raba bolt da amfiya kowane karo. Amsoshin biyu ba za su zo ɗaya ba. Rubutun gindinsa ya ce bolt 2.5 da amfiya 0.3, wato om 8 da ɗoriya, amma a cire shi a auna shi da sanyinsa, mita za ta nuna wajen om 1. Ba mitar ce ta lalace ba. Zaren ƙarfen tangistin ne, yana aiki a zafin da ya haura digiri 2,000, kuma turjiyar ƙarfe tana hawa da zafi. Dokar Ohm da sharaɗinta take: sai zafi bai canza ba. Wannan ne ma dalilin da tsofaffin ƙwayayen gida suka fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna su, lokacin da zaren ke da sanyi wuta ta afka masa da yawa.

Mai son ganin yadda tsawo da kauri ke shafar turjiya, ya goga fensir sosai a takarda ya yi baƙin layi mai sheƙi, ya ɗora tsinken mita biyu a kai. Yana nisanta su adadi na hawa. Ya faɗaɗa layin adadi ya sauka. Dalilin da ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki waya mai kauri ke nan.

Batirin da ke nuna lafiya alhali ya mutu

Duk mai mota ya san batirin da mita za ta nuna bolt 12 a kansa, a murɗa makulli ya yi ƙas-ƙas ya tsaya. A gwada ƙaraminsa a tebur: a auna bolt a kan batir makunni na buɗe, sannan a rufe ƙwai ya kama a sake dubawa. Adadin zai ɗan sauka. A ƙara ƙwai na biyu a reshe, ya ƙara sauka. A kawo tsohon batir, saukar ta fi muni. Batir yana da tasa turjiyar a ciki, tana ƙaruwa da tsufa, kuma tana cin rabonta ne kawai idan wuta na gudana. Saboda haka awon batir ba tare da an ɗora masa kaya ba rabin labari ne.

Lemun tsami yana nuna wannan a fili. A soka masa ƙusar kwano a gefe ɗaya, wayar jan ƙarfe a ɗaya gefen, mita ta nuna ƙasa kaɗan da bolt 1. A jera huɗu, bolt ya haura 3, amma ƙwan tocila ko motsi ba zai yi ba, saboda turjiyar cikin lemun ta yi yawa. LED ce kawai za ta ɗan yi ja a cikin duhu. Alessandro Volta na Italiya da irin wannan haɗi ya fito da batir na farko a 1800: faifan tutiya da na jan ƙarfe ko azurfa, tsakaninsu kwali jiƙe da ruwan gishiri, ya yi ta ɗorawa.

Ga masu niyyar jarrabawa

A jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta, takardar gwajin fiziks awa biyu da minti 45 ce, tambayoyi uku a amsa biyu, kuma bisa al'ada ɗaya a kan lantarki take. Masu rubutawa daga waje takarda ake ba su a madadin kayan gwaji, a nuna musu zanen mita su karanta. A ganina wannan ya ƙara wajabta musu taɓa kaya tun a aji, domin wanda bai taɓa karanta allurar mita ta gaske ba, zanenta ma zai ruɗe shi.

Abin da za ku tarar a can wanda ba mu yi amfani da shi ba shi ne katako mai waya miƙe tsawon santimita 100, galibi ta konstantan, haɗin jan ƙarfe da nikel wanda zafi bai cika canza turjiyarsa ba. Katakon yana da giɓi biyu: ana sa rizistar da ba a sani ba a giɓin hagu, sananniya a na dama, a riƙa taɓa wayar da ɗan ƙarfe har a sami wurin da allurar mita ta tsaya a sifili. Idan ta tsaya a santimita 40 daga hagu kuma rizistar dama om 3 ce, ta hagu 3 sau 40 a raba da 60, wato om 2. Taɓa wayar ake yi a ɗaga, ba a jan ƙarfen a kanta, don kada a kankare ta kaurinta ya canza. A ɗaure kowace mahaɗa tam, a buɗe makunni tsakanin awo da awo kada waya ta yi zafi batir ya gaji, a kalli allura daga sama sak ba ta gefe ba, kuma a rubuta kowane adadi da ma'auninsa.

Aikin gida

Kowa ya duba bayan kayan lantarki uku a gidansa, bayan ya zare su daga soket, ya kwafo wat ɗin da aka rubuta a jiki. Ya raba kowanne da 230 ya fitar da amfiyarsa, ya tara su, ya faɗa ko fis mai amfiya 13 zai ɗauke su a lokaci guda. Sannan ya zana da'ira mai batura biyu da ƙwayaye uku, biyu a rassa, na ukun a jere da su, ya rubuta wanne zai fi haske, da abin da zai sami sauran biyun idan aka kwance ɗaya daga cikin na rassan. A zo da amsar a rubuce da biro. A zama na gaba za a haɗa da'irar a auna.